Guntayen itacen Allah da sandar hukuma: sake duban yajin aikin 1947 a littafin Sembène Ousmane

Ranar 10 ga watan Oktoba na shekarar 1947, jiragen ƙasa suka tsaya cik a ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka. Daga Dakar zuwa Bamako, daga Konakiri zuwa Kankan, daga Abijan zuwa Bobo-Julaso, daga Kwatano zuwa Paraku, ma'aikata kusan 20,000 suka aje guduma da shebur, suka kashe wutar tukunyar jirgi, suka koma gida. Na hanyar Dakar ba su sake ɗaukar kayan aiki ba sai ranar 19 ga Maris na 1948, bayan wata 5 da ƴan kwanaki. Kowace ɗaya daga cikin hanyoyin nan 4 tana da kalmar «Niger» a ƙarshen sunanta, amma sunan kogi ne suka ara, domin babu wadda ta iso ƙasar Nijar kanta. Duk da haka, abin da yajin ya haifar ya iso Yamai da Damagaram tun ba a je ko'ina ba.

Shekara 12 bayan ƙarewar yajin, a 1960, marubucin nan ɗan Senegal, Sembène Ousmane, ya buga ƙagaggen labarinsa mai suna Les Bouts de bois de Dieu, wato «Guntayen Itacen Allah». Littafin ya shiga ajujuwan lise na ƙasashe da dama masu aiki da Faransanci, har ta kai ɗalibai da yawa, kai har da wasu malamansu, ba su san wannan yaji ba sai ta bakin Sembène. Littafin da ya kai wannan matsayi ya cancanci a auna shi da ma'auni biyu, na adabi da na tarihi. In aka yi haka, za a ga ya gano wata gaskiya da takardun hukuma suka tsallake, wato a murhu ake cin yajin aiki ko a faɗi. Wajen zana ita hukumar kuwa, ya ba ta tsohuwar fuskarta ta bindiga da bulala, alhali hukumar 1947 ta riga ta koyi wata dabara da ta fi bindiga nisan zango.

Marubucin da zubin littafinsa

An haifi Sembène a Ziginshor, cikin yankin Kasamans, a 1923, ya rasu a Dakar a 2007. Bai yi nisa a makarantar boko ba. Ya yi sana'ar su, ya yi gini, ya yi aikin soja ƙarƙashin tutar Faransa lokacin yaƙin duniya na biyu, sannan ya ƙetare teku zuwa Marsey, inda ya shafe shekaru yana dakon kaya a tashar jiragen ruwa. A can ya shiga sandikar CGT da jam'iyyar kwaminis ta Faransa, kuma a ɗakunan karatu na sandika ya haɗu da littattafan da suka mai da shi marubuci. Mutum ne da ya san nauyin buhu a kafaɗa, ya kuma san yadda ake jan taron ma'aikata. Wannan sanin ya bayyana a kowane shafi.

Sunan littafin ya samo asali daga wata al'ada ta Wolof. Ba a ƙirga mutane kai tsaye, don gudun kambun baka, sai a kira su guntayen itace. Sunan ya dace da zubin labarin, domin Sembène bai ɗora shi a kan tauraro ɗaya ba. Ya raba shi tsakanin garuruwa 3: Bamako, inda hanyar ke kusan ƙarewa, Ciyes (Thiès), inda manyan ma'aikatun gyaran jirage suke, da Dakar, mazaunin babban gwamna. Mai karatu yana ta kai-da-kawo tsakaninsu kamar fasinja. Shi kansa Ibrahima Bakayoko, matuƙin jirgin da kowa ke ambato tun shafukan farko, ba ya bayyana da jikinsa sai labari ya yi nisa ƙwarai. Kafin ya iso, mai karatu ya riga ya fahimci cewa yajin ba na mutum ɗaya ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma marubucin ya tabbatar da haka ta hanyar tsarin littafin, ba tare da ya tsaya wa'azi ba.

Abin da littafin ya gani a murhu

Ƙarfin littafin yana wurin da mai karatu bai zata ba. Wanda ya buɗe shi yana jiran jawaban shugabannin sandika zai same su, amma ba su ne ke zama a zuciya ba bayan an rufe shi. Abin da ke zama shi ne tukunyar da babu komai cikinta. Mai kanti ya daina ba da bashi saboda an matsa masa daga sama. An rufe famfon unguwa, har ruwan sha ya zama abin saye da tsada. Mata sun sayar da zannuwansu da kayan adonsu ɗaya bayan ɗaya. Yaran da ke koyon aiki a ma'aikata sun koma farautar ƙadangaru da satar kaji. Tsoho Sunkare mai gadi, wanda ya ƙi shiga yaji, ya mutu shi kaɗai cikin ramin gyaran jirgi, ɓeraye suka taru a kan gawarsa, babu wanda ya tambayi inda yake.

A nan ne Ramatulaye ta tsaya tsaye. Dattijuwa ce mai ɗauke da gida mai yawan baki a Dakar, ba ta taɓa halartar taron sandika ba, ba ta san abin da takardun ma'aikata suka ƙunsa ba. Ranar da ragon ɗan'uwanta Alhaji Mabige, mai kuɗi kuma ɗan gaban goshin hukuma, ya shiga gidanta ya cinye ƴar shinkafar da ta rage wa yara, sai ta kama shi ta yanka, ta raba naman. Da ƴan sanda suka zo kama ta, matan unguwa suka tare su da taɓarya da kwalabe cike da yashi. Babu wanda ya karantar da Ramatulaye siyasa. Yunwar yaran gidanta ce ta kai ta inda ta tsaya. Sembène ya nuna wannan sauyi a hankali, ta yadda mai karatu ba zai iya nuna shafin da uwar gida ta zama jagora ba, sai dai ya waiwaya ya ga ta riga ta zama.

Haka ma shari'ar Jara a Bamako. Mutumin nan mai duba tikiti ya karya alkawari ya koma aiki. Maimakon a yi masa dukan kawo-wuƙa a lungu, sai Cemoko ya nace a gurfanar da shi gaban jama'a a zauren sandika, mata ma suka samu bakin magana. Tsoho Fa Keita ya ba da shawarar kada a taɓa jikinsa, tun da kunyar da ya sha a gaban ɗansa da maƙwabtansa ta wadatar. A wannan babi masu yaji sun kafa kotunsu, sun yi dokarsu, sun yanke hukunci da sassauci. Wato sun gwada mulkin kansu shekaru kafin a ba su tuta. Yana da wuya a samu babin da ya fi wannan zurfi a duk ƙagaggun labaran Afirka na wancan zamani.

Masana tarihi sun gaskata ginshiƙin wannan hoto. Ba asusun sandika ne ya riƙe mutum dubbai har wata 5 ba. Gonar dangi ce, da su, da ƙananan sana'o'in mata, da bashin ƴan kasuwar da suka yarda suka jira. Da yawa daga cikin ma'aikatan sun koma ƙauyukansu, yajin kuwa ya faɗo daidai lokacin kaka. Turawan da suka yi lissafin cewa ma'aikacin da ba shi da albashi ba zai wuce ƴan makonni ba sun manta cewa yana da gida a bayansa.

Fuskar hukuma a cikin labarin

Da mai karatu ya juya ga ɗaya ɓangaren, sai ya ga alƙalamin ya yi kauri. Dejean, shugaban hanyar a Ciyes, mutum ne da ya samu girma ta hanyar murƙushe wani yaji na baya, wanda ya ɗauki baƙar fata tamkar yaro, har ya kai ga marin Bakayoko a teburin sulhu. Isnard, shugaban leburori, ya yi ƙoƙarin sayen Dudu, magatakardan sandika, da kuɗi miliyan 3, daga baya kuma ya harbe yara masu koyon aiki. Bernadini, mai kula da sansanin tsare mutane kusa da Bamako, yana azabtar da Fa Keita don kawai ya same shi yana salla. Sojoji sun afka wa taro tun ranar farko. An kashe tsohuwa Niakoro a cikin gidanta. An kashe Hudiya Mbay da ruwan mesar ƴan kwana-kwana. An harbe Penda a ƙofar Dakar. Babban limami da dipitoci kuwa suna bayan gwamna, suna kira a koma aiki.

Waɗannan mutane ba su da zurfin da Ramatulaye ko Fa Keita suke da shi. Kusan dukansu hali ɗaya gare su, kuma ba sa sauyawa daga farko har ƙarshe. Mai karatu ya san abin da za su faɗa tun kafin su buɗe baki. Akwai wani sufeton ƙwadago mai suna Edouard da aka aiko daga Dakar don ya shiga tsakani, amma shafuka kaɗan aka ba shi, ya fito a matsayin mutumin da ba shi da ta cewa, ya ɓace. Abin lura shi ne, a tarihi irin wannan ma'aikaci mai jakar takardu ne ya fi kowa tasiri a kan abin da ya biyo baya.

Tsohuwar sanda

Ba daga iska Sembène ya ɗauko wannan fuska ba. Tun da masana'antu suka kafu a Turai, amsar farko da gwamnatoci suka saba ba mai yaji ita ce soja. A Faransa sai a 1864 aka daina ɗaukar yajin aiki a matsayin laifi, sandika kuwa sai a 1884 doka ta halatta ta. Duk da haka sojoji sun harbe masu haƙar kwal a La Ricamarie da Aubin a 1869, kuma daga nan Émile Zola ya ɗauko harbin da ya zana a Germinal, littafinsa na 1885, bayan ya je Anzin ya ga yajin 1884 da idonsa. Ranar 1 ga Mayu na 1891 an kashe mutum 9 a Fourmies. A 1910 Aristide Briand, wanda shi kansa ya taɓa wa'azin yajin gama-gari a ƙuruciyarsa, ya karya yajin ma'aikatan jirgin ƙasa ta hanyar kiransu aikin soja, ta yadda ƙin aiki ya koma bijire wa umarnin soja.

A ƙasashen da ake wa mulkin mallaka sandar ta fi nauyi. Ranar 27 ga Satumba na 1938, a nan Ciyes, sojoji suka buɗe wuta a kan ma'aikatan wucin gadi na hanyar Dakar da ke yaji, suka kashe aƙalla mutum 6, suka raunata da dama. A ƙasar da Ingila ke mulka ma haka abin yake: ranar 18 ga Nuwamba na 1949 ƴan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 a mahaƙar Iva Valley ta Inugu, a Najeriya. Saboda haka duk wanda ya ce Sembène ya yi wa mulkin mallaka ƙage bai san tarihi ba. Jinin da ya zana jini ne da aka zubar. Sai dai mafi yawansa na 1938 ne da wasu wurare, marubucin ya kwaso shi ya zuba cikin 1947.

Abin da kundin tarihi ya nuna

Yajin 1947 ya faru a wata duniya dabam da ta 1938. A 1944 aka faɗaɗa wa ma'aikatan ƙasashen mallaka damar kafa sandika. A watan Janairu na 1946 yajin gama-gari ya tsayar da Dakar cik har kwana goma sha wani abu, hukuma kuma ta zauna ta yi ciniki. Ranar 11 ga Afrilu na 1946 dokar Houphouët-Boigny ta soke aikin dole, ranar 7 ga Mayu kuma dokar Lamine Guèye ta mai da talakawan mallaka ƴan ƙasa. Faransa tana gaya wa duniya cewa ita da ƙasashen da take mulka sun zama tarayya ɗaya. Ma'aikatan jirgin ƙasa, ƙarƙashin jagorancin Ibrahima Sarr, sai suka kama ta da maganar bakinta. Mafi yawansu ma'aikatan wucin gadi ne, ko da sun shekara 10 a bakin aiki, ba su da tabbacin gobe, ba su da gidan ma'aikata. Suka nemi abin da ake kira «cadre unique», wato tsani ɗaya na muƙami da albashi ga Bature da baƙar fata. A watan Afrilu na 1947, daidai lokacin da shugaban Faransa Vincent Auriol ke ziyara a Dakar, suka yi yajin ƴan kwanaki, aka sa hannu a kan yarjejeniya. Da hukumar gudanarwar hanyoyin jirgin ta ƙi amincewa da muhimman sassanta, sai aka shiga dogon yaji.

A wannan karo gwamnati ba ta maimaita 1938 ba. Ba ta kuma bi hanyar Briand ta kira ma'aikata aikin soja ba. Ta tsaya a kan cewa rigimar tsakanin ma'aikata ce da hukumar hanyoyin jirgi, wadda aka ba cin gashin kai ba da daɗewa ba, kamar dai ita ba ruwanta. Ta tura maganar gaban mai sasantawa kamar yadda doka ta tanada. Da sandika ta ƙi hukuncinsa, sai aka ce yajin ya saɓa doka, aka kai Sarr kotu. An ɗauki sababbin ma'aikata, an kawo wasu ƙwararru daga Faransa, don jirage kaɗan su riƙa motsi, a nuna wa masu yaji cewa ana iya yi ba da su ba. Sannan aka zauna jira. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: a watan Janairu na 1948 ma'aikatan hanyar Abijan suka koma aiki, kuma Houphouët-Boigny yana cikin waɗanda suka ƙarfafa musu guiwar komawa. Manyan ƴan siyasar Afirka da ke majalisar Paris ba su ɗauki yajin a matsayin nasu ba. Sauran sandikoki ma ba su shiga yajin goyon baya ba.

Da sabon babban wakilin Faransa, Paul Béchard, ya iso Dakar a farkon 1948, sai ya kira ɓangarorin biyu, aka yi ciniki. Ma'aikata sun samu tsani ɗaya, amma mai matakai da yawa, inda Turawa suka ci gaba da zama a sama. An yarda a shigar da ma'aikatan wucin gadi, amma sannu a hankali, tare da rage yawan ma'aikata. Nasara ce ta gaske, domin babu wanda ya ƙara raina ma'aikacin Afirka bayan ya tsaya wata 5 bai durƙusa ba. Amma nasara ce ta teburin ciniki, kowa ya samu, kowa ya bari. Abin mamaki kuma, a daidai waɗannan watanni gwamnatin Faransa ta fi nuna ƙarfin soja a cikin gidanta, inda ministan cikin gida Jules Moch ya tura dakaru kan masu yajin ƙarshen 1947, da kuma masu haƙar kwal a 1948.

Tattakin da ba a yi ba

Babin da ya fi kowane shahara a littafin shi ne tattakin matan Ciyes zuwa Dakar, tafiyar kusan kilomita 70 a ƙasa, Penda tana gaba, makauniya Maimuna tana waƙa da jaririnta a goye. Daga nan Bakayoko ya yi jawabi a filin sukuwa, ma'aikatan Dakar duka suka shiga yaji, hukuma ta sallama. Masanin tarihi Frederick Cooper, wanda ya binciki takardun lokacin kuma ya zanta da tsofaffin ma'aikatan da suka yi yajin, ya nuna a nazarinsa na 1996 cewa wannan tattaki ƙagen marubuci ne. Yajin gama-garin Dakar kuwa na 1946 ne, ya riga wannan da kusan shekara 2.

Ba a kama mai ƙagaggen labari da laifin ƙage, tun da sana'arsa ke nan. Kuma ƙagen nan yana da tushe. A watan Disamba na 1949 matan Abijan sun taka zuwa gidan kurkukun Grand-Bassam suna neman a saki shugabannin jam'iyyar RDA da aka tsare. Wahalar da mata suka sha a 1947 kuwa ba ta bar takarda ba, domin babu magatakardan da ke rubuta yawan tulun da aka ɗauko ko yawan daren da aka kwana da yunwa. Sembène ya tattara wannan wahala da ta warwatsu cikin gidaje dubu, ya jera ta a kan hanya ɗaya don ido ya gan ta. Mai karatu a Nijar, inda mata suka fito titunan Yamai ranar 13 ga Mayu na 1991 suna neman kujerunsu a shirin babban taron ƙasa, ba zai ce hoton ya fi ƙarfin gaskiya ba.

Matsalar tana wani wuri. Zola ya rufe Germinal da faɗuwar yaji, ma'aikata suka koma rami da yunwarsu, ya bar fata a cikin ƙasa kamar iri. Sembène, wanda ke rubutu a jajibirin ƴancin kai, yana bukatar nasara bayyananna, don haka ya sa hukuma ta faɗi a gaban sarkin yawa. Da wannan ya koya wa mai karatu cewa hukuma abu biyu kawai ta sani, ta yi harbi ko ta sallama. Ya kuma mai da yajin tamkar asubahin ƴancin kai, alhali abin da ma'aikatan suka nema a lokacin shi ne daidaito da takwarorinsu Faransawa a cikin tsarin da ke akwai.

Takardar 1952 da abin da ta haifar

Dabara ta uku, wadda littafin bai ba ta fili ba, ita ce a rungumi ma'aikaci a ɗaure shi da doka. Sufetocin ƙwadago sun fahimci cewa sandikar da aka sani, mai shugabanni da ofis da takardar rajista, ta fi taron da ba shi da kai sauƙin sha'ani. Su ma sandikoki sun ga riba a ciki, suka matsa. Ranar 3 ga Nuwamba na 1952 aka yi yajin kwana ɗaya a faɗin yankin, ranar 15 ga Disamba kuma aka fitar da kundin dokar ƙwadago ta ƙasashen ƙetare, mai ɗauke da aikin awa 40 a mako, da hutu mai albashi, da haƙƙin yaji bayan an bi matakan sulhu. Kuɗin ƴaƴa, wanda Sembène ya sa a sahun gaba na buƙatun 1947, sai a 1956 ya kai ga ma'aikatan kamfanoni.

Ta wannan ƙofa labarin ya shigo Nijar. Dokar 1952 ta hau kan magini a Yamai da ɗan dako a kamfanonin gyaɗa na Maraɗi da Damagaram kamar yadda ta hau kan maƙerin Ciyes. A gwagwarmayar neman a yi aiki da ita ne Jibo Bakari, tsohon malamin makaranta kuma jagoran sandikokin CGT na Nijar, ya ƙara suna, kamar yadda Seku Ture ya yi a Gini da yajinsa na fiye da wata 2 a 1953. A 1956 Jibo ya zama magajin garin Yamai, a 1957 kuma ya shugabanci majalisar gwamnatin ƙasa a ɓangaren ƴan ƙasa.

Nan kuma dabarar ta kai ƙarshenta. Daidaito da ma'aikacin Faransa abu ne mai tsada, Paris kuwa ta ga ba za ta iya biya ba. Dokar Defferre ta 1956 ta miƙa wa kowace ƙasa kasafinta da nauyin albashin ma'aikatanta. Daga ranar, wanda zai ce wa mai yaji babu kuɗi ya zama ɗan ƙasa, wani lokaci ma tsohon ɗan sandika. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. A watan Nuwamba na 1961 gwamnatin Seku Ture ta kira koken sandikar malaman Gini makirci, ta ɗaure shugabanninta, cikinsu har da masanin tarihi Djibril Tamsir Niane. Littafin Sembène bai daɗe da fitowa ba. Ɗalibin da ya koyi cewa azzalumi shi ne Dejean mai farar fata da hular kwano ba shi da abin da zai fassara wannan da shi. Shi kansa Sembène ya gane haka, domin a Le Mandat da Xala ya juya alƙalaminsa kan sababbin masu riƙe da ofisoshi.

Ga masu koyarwa

Duk wannan bai rage wa Les Bouts de bois de Dieu daraja ba. Har yanzu babu littafin da ya kai shi nuna yadda yajin aiki ke shiga cikin gida, ya sauya zaman miji da mata, ya ɗaga ƙarami ya sauke babba. Abin da ake gudu shi ne a karanta shi a aji tamkar rahoton abin da ya faru, ɗalibi ya haddace tattakin Penda a matsayin kwanan wata na tarihi.

Malamin da zai koyar da shi yana iya rubuta shekaru 3 a allo kafin a buɗe shafin farko: 1938, shekarar harbi, 1947, shekarar jira da yunwa, 1952, shekarar takarda. Sannan ya bar ɗalibai su nemo wa kowace shekara gurbinta a cikin labarin. Za su samu ta farko a kusan kowane babi. Za su samu ta biyu a tukunyar Ramatulaye da famfon da aka rufe. Ta uku kuwa sai sun yi tono kafin su same ta a jakar sufeto Edouard, wanda marubucin ya sallama da wuri. Ƙungiyoyin al'adu masu shirya wasan kwaikwayo daga littafin su ma suna da abin ƙarawa: bayan an tafa wa matan da suka shiga Dakar, a ɗaga labule sau ɗaya tak a nuna teburin da aka zauna a watan Maris na 1948, da waɗanda suka zauna a kansa, da abin da kowannensu ya sa wa hannu.